Gaggafar da Ta Bi Kekena

Shekarun baya, tun kafin a zo a shimfiɗa mana wannan birni a kan gonakin mutane, na taɓa yin aikin neman gaggafa. E, gaggafa, tsuntsuwa. Mai dariya ya yi yanzu ya gama, don in na shiga labarin ba na son a katse ni.

Lokacin in ka ce Abuja, garin da yau ake kira Suleja kake nufi. Nan inda kuke zaune kuna latsa waya, daji ne da duwatsu da kunyoyin doya. Mu muna wani ƙauye kusa da Sheda, gidajen Hausawa uku ne kacal a tsakiyar Gbagyi. Fatauci ya kawo mahaifina, a nan ya rasu, ya bar ni da mahaifiyata da keke guda. Na yi boko zuwa aji huɗu. Ba korata aka yi ba kamar yadda wasu ke yaɗawa, ni na ga ya isa. Kuma a ƙauyen nan aji huɗu ba wasa ba ne. Ni ke karanta wa mai gari takarda in ta zo, ni ke rubuta wa mutane wasiƙa, kullum da biro a aljihun gaba ko da babu tawada a cikinsa. Na isa aure, ba ni da sana'a, noma kuma na raina shi. Ku riƙe wannan, don ba zan sake zagin kaina ba sai can gaba.

Bayan kaka sai ga wata jif ta tsaya ƙofar mai gari. Wani dogon mutum siriri ya fito, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Malamin jami'a ne daga can Arewa. Ya ce yana neman wanda ya iya karatu kuma yake jin yaren Gbagyi. Kafin mai gari ya buɗe baki na riga na gyara biro na matso.

Ya buɗe wani littafi ya nuna mini hoto. Ya ce, "Ka san wannan?"

Na ce, "Gaggafa ce, ranka ya daɗe."

Duk wanda ya tashi a daji ya san ta. Baƙa ce, fuska ja, ƙafafu ja, wutsiya kamar an guntule da almakashi. In tana shawagi ba ta kaɗa fiffike, sai ta riƙa karkata dama da hagu kamar mai koyon keke. Malam ya ce suna ƙarewa, kuma ba wanda ya san inda ragowar suke zaune. Ya warware wata taswira mai faɗin tabarma a kan motar. Ya ce duk inda ya ga gaggafa da idonsa, zai ɗiga jan biro a wurin. In aka samu inda suke zaune, zai rubuta wa gwamnati a killace dajin, a hana sara da farauta.

"Kuma daji in an killace shi yana buƙatar mai gadi," in ji shi. "Kaki, hula, albashi duk wata, fansho in an tsufa. In ka yi mini aiki da kyau, sunanka zan rubuta."

Jama'a, ban ji sauran maganar ba. Kaki kawai nake gani. Na gan ni na shigo kasuwa da guga a wando, masu goro suna miƙewa. Wallahi ranar ko tafiyata ta canza.

Aikina mai sauƙi ne. Zan riga shi da kwana ɗaya a kan keke zuwa ƙauyen da za a je, in sanar da mai gari cewa baƙo na tafe, in nemi dutse mai tsawo da za a hau. Washegari ya iso a mota, mu hau dutsen, mu ɗaga kai sama daga hantsi har azahar. Mu uku ne: shi, da ni, da abokina. Abokin nan nawa ɗan Gbagyi ne, tare muka tashi, ya ɗan girme ni, yana da mata da 'ya'ya biyu. Bai taɓa shiga aji ba. Ni na kawo shi aikin don ya riƙa ɗaukar tulun ruwa da akwatin taswira a kafaɗa, saboda ni mai biro ne, ba na dako.

Mako biyu muna wannan. Ungulu kam ga su nan kamar a share. Shirwa ma haka. Da na hango wani abu baƙi sai in yi ihu, "Ga ta, Malam!" Ya ɗora madubi, ya sauke, ya ce, "Ungulu ce." Wuyana ya sandare, har sallama in zan yi a salla sai na juya da kafaɗa gaba ɗaya. Taswira kuwa fara fat, ko ɗigo babu.

Ranar da muka cika mako biyu Malam ya naɗe taswirar a hankali ya ce, "Ƙila mun makara. In wata ya ƙare ban ga ko ɗaya ba, zan koma wajen Binuwai in gwada can."

Na tsaya ina kallonsa. Kakina nake gani ana ninkewa ana sawa a akwati.

A hanyar sauka daga dutsen ne abokina ya yi wata magana, shi ko a jikinsa. Ya ce bara da akuyarsu ta mutu a gona, gaggafa ce ta fara sauka. "Shi ke fara zuwa kullum," in ji shi da irin Hausarsa. "Idonsa ya fi na ungulu. Ungulu yana kallonsa ne, ya bi baya."

Na yi kamar ban ji ba. Amma kafin mu kai gindin dutse na gama shirya komai a kaina. Ga amfanin aji huɗu.

Washegari ranar kasuwa ce. Na je wajen mahauci na karɓi huhu da hanjin da suka fara juyawa, na zuba a buhu, na ɗaure a bayan keke. Da sassafe, kafin motar Malam ta iso ƙauye na gaba, na zagaya bayan dutsen da za mu hau, ɓangaren da ba a hangowa daga sama, na shimfiɗa kayan a kan wani fa. Na wanke hannu da ƙasa, na dawo na zauna ƙofar mai gari kamar mutumin kirki.

Hantsi ya ɗaga, muna kan dutse. Sai ga ta. Daga gabas ta ɓullo, tana karkata, tana karkata, ta yi zagaye uku a kanmu, har jan fuskarta ana gani.

Ban taɓa ganin babban mutum ya rikice haka ba. Hularsa ta faɗi bai sani ba. Sai cewa yake, "Allahu akbar, Allahu akbar, ku yi shiru," alhali shi kaɗai ke magana. Da ta sauka bayan dutsen ya zauna ya zana ta a littafinsa, sannan ya warware taswira ya ɗiga jan biro. Ya rungume ni. Ya ce ina da hancin zaɓen dutse. Ranar har kifin gwangwaninsa ya buɗe mana.

Na ce wa raina sau ɗaya ne, don dai kada ya tafi. To amma ƙauye na gaba fa? In ya ga ɗaya a nan, can bai gani ba, ai ɗigo ɗaya ba ya kawo kaki. Haka na ɗauka. Sai na sake. Ta sake zuwa. Na sake. Ta sake zuwa. Jan biro ya fara aiki.

Matsalar da ban hango ba ita ce abinci. Mahauci ranar kasuwa kaɗai yake yanka, ni kuwa kusan kullum ina da baƙuwa. Sai na nufi rugar wani dattijon Bafulatani a bakin rafi. Muka gaisa, na tambayi shanu, na tambayi iyali, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Baffa, ko akwai abin da ya mutu?"

Ya dube ni tun daga hula har silifa. Ya ce, "Kaɗo, mushe kake nema?"

Na ce, "E."

"Kai ba kana salla ba?"

Na ce, "Ba ci zan yi ba, Baffa. Na magani ne."

"Maganin me?"

Na ce, "Na samun aikin gwamnati."

Ya sosa gemu. Can ya ce, "Akwai ɗan maraƙi can bayan garke, jiya ya faɗi. Ɗauki. In maganin ya ci ka dawo ka gaya mini yadda ake haɗawa, ina da ɗa shi ma ba ya son kiwo."

Daga nan na zama mutumin da aka sani a duk rugagen yankin. Da akuya ta fara tari sai a ce a aika wa mai keke.

Wari kuwa ba a magana. Ƙudaje suka ɗauke ni ubangida. In na ratsa ƙauye karnuka su biyo ni har bayan gari. A masallaci in na shiga sahu, sai na dama ya matsa, na hagu ya matsa, in yi salla ni kaɗai a tsakiya kamar an ware mini fili. Malam da kansa ya taɓa ba ni sabulu, cikin ladabi, ya ce wai ya yi masa yawa ne.

Ranar da rugage suka ƙi mutuwa, wato ranar da duk dabbobin duniya suka tashi lafiya lau don su tozarta ni, sai na waiwayi kajin mahaifiyata. Tana da kaji masu kyau, da su take biki da suna. Na ɗauki ɗaya. Bayan kwana uku na ɗauki ta biyu.

Ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Kai, ɗan nan, me ya mutu a ɗakinka?"

Na ce, "Inna, aikin ne haka. Aikin ilimi."

"Ilimin ne ke wari kamar bayan mahauta? To ni ba wannan ba. Kazata wake-wake ba ta kwana gida ba, ga jar ma babu ita."

Na ce, "Muzuru ne, Inna. Ya addabi unguwa."

Allah ya yafe mini, ni na taya ta ɗana wa muzurun tarko. Har shawara na ba ta inda ya fi kyau a sa.

Ita kuwa gaggafa, ashe ta fi ni karatu. Ba a yi kwana goma ba ta gane cewa ba dutse ke haifar da nama ba, keke ne. Da na fito da safe na hau hanya, sai in ga inuwa tana bin tawa a ƙasa. In na tsaya shan ruwa ta yi ta zagaye a sama tana jira. Haka muka yi ta tafiya ni da ita, ƙauye bayan ƙauye, daga wajen Sheda har muka kai Gudu, lokacin Gudu 'yan bukkoki ne da rumbuna, muka miƙe zuwa tsaunukan Mpape. Mutane suka fara magana. Mata na janye 'ya'yansu in na wuce. Wani tsoho ya tare ni da ƙwarya cike da gyaɗa, wai in roƙa masa tsuntsuwata ta duba masa wanda ya sace masa tunkiya. Na karɓi gyaɗar. Me zan ce masa?

Na sa mata suna Hajiya, don ta yi ƙiba, kuma ba ta cin huhu in akwai hanta.

Abokina ya sani. Ba zai yiwu bai sani ba, shi da ke ɗaukar ruwan da nake wanke hannu da shi. Wata rana muna hutawa a gindin ɗorawa ya ce, "Aboki, wannan tsuntsu fa guda ɗaya ne. Malam yana rubuta shi da yawa. Ni ina ganin gara mu kai shi..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce, "Kai aji nawa ka yi?"

Ya kawar da kai.

Na ce, "To ɗauki tulu."

Ya ɗauki tulu. Wannan ce maganar da ta fi kowace tsada a rayuwata, amma lokacin daɗi ma na ji da na faɗe ta.

Malam shi ma ya fara yin shiru-shiru. Da farko in ya ɗiga biro har waƙa yake. Daga baya sai ya riƙa daɗewa yana kallon taswirar, yana buɗe littafin zanensa yana komawa baya, yana gwada wannan shafi da wancan. Sau ɗaya ya ce, kamar da kansa yake magana, "Abin mamaki. Gaggafa ba ta son mutane. Amma nawa duk a bayan gidan mai gari suke." Na ce ƙila na nan yankin masu son jama'a ne. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya rufe littafin.

A Mpape abin ya fashe. Yadda muka saba, na riga su da kwana ɗaya. Da hantsi na hau wani fa da buhuna, cinyar maraƙi ce a ciki, ta kwana uku. Niyyata in ba Hajiya kaɗan ta san wurin, in ajiye sauran na gobe. Tana kan wani busasshen reshe, kusa da ni ƙwarai, ta karkata kai tana kallon hannuna. Ungulaye sun jeru a gefe kamar masu jiran sadaka. Ina kwance buhu ina yi mata hira.

"Ci ki ƙoshi, Hajiya. Gobe ki fito da wuri, ki yi masa zagaye huɗu. Kakina na hannunki. In na samu aiki, hanta zalla."

Sai na ji an yi gyaran murya a bayana.

Malam ne. Abokina na gefensa da tulu, ya sunkuyar da kai. Ashe ba su kwana can baya ba, bayana suka biyo, suka ajiye mota nesa suka tako.

Malam ya ce, "Na fi rabin sa'a ina kallonka da madubi daga wancan dutsen. Har hira kuke yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsintar buhun na yi."

Ya ce, "Da igiyar kekenka a bakinsa?"

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi, don na iya faɗa. Zama ya yi a kan fa ɗin, cikin warin nan, ya buɗe littafin zanensa ya nuna mini. Kowace gaggafa da ya zana, akwai giɓin gashi ɗaya a fiffiken hagu. Ya ɗaga hannu ya nuna Hajiya. Kamar an umarce ta, ta buɗe fiffike. Ga giɓi nan.

Sannan ya warware taswira. Jajayen ɗigo a jere kamar carbi, duk a bakin hanya. Ya ɗora yatsa kan na farko.

"Wannan?"

Na ce, "Huhu da hanji."

"Wannan?"

"Akuya."

"Wannan?"

"Kazar mahaifiyata."

"Wannan fa?"

"Ita ma."

Abokina ya juya baya, kafaɗunsa na rawa, har ruwan tulu na zuba.

Malam ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Wata guda da rabi ina hawa duwatsu, ashe taswirar kekenka nake zanawa."

Ni kuma da na ga an riga an kama ni, sai na ce bari in yi ciniki. Na ce, "Malam, mu yi maganar gaskiya. Kai ka ce abin da idonka ya gani. To ka gani ko ba ka gani ba? Gwamnati za ta hau dutsen nan ta shinshina? Ka bar ɗigon nan yadda suke. Tsuntsuwa ta samu daji, ni in samu kaki, kai ka samu suna. Wa aka cuta?"

Ya ce, "Ita."

Na ce, "Ita? Dubi ƙirjinta! Tun da aka halicce ta ba ta taɓa cin daɗi irin na wata gudan nan ba."

Ya ce, "In na kai wannan takardar, ɗayan biyu ne. Ko su ce gaggafa ta yi yawa, ba ta buƙatar komai. Ko su killace bakin hanyar nan da ba ta zaune, su bar inda take zaune a sare. Ni ba inda take cin abinci nake nema ba. Tsuntsuwar nan tana iya ratsa duk ƙasar nan a yini ɗaya. Ina take kwana? Ina sheƙarta? Ka sani?"

Ban sani ba. Wata guda ina ciyar da ita, ban taɓa tambayar kaina inda take komawa da yamma ba.

Sai abokina ya sauke tulu ya ce, "Ni na sani."

Muka juya gaba ɗaya.

Ya ce akwai wani babban maɗaci a bakin rafi, bayan gonarsu, kusa da inda aka binne kakansa. Mutanensu ba sa saran itace a wurin, ko busasshe ne. A kan maɗacin nan sheƙar take tun yana yaro. Daga ƙauyenmu tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba a ƙafa.

Daga ƙauyenmu! Inda muka tashi ranar farko!

Malam ya ce, "Bawan Allah, me ya hana ka faɗa tuntuni?"

Ya ce, "Ba wanda ya tambaye ni, Malam. An ce in ɗauki ruwa. Ranar da na fara faɗa, ya ce aji nawa na yi."

Ina jin har ungulayen nan sai da suka kalle ni.

Malam ya naɗe taswirar, ya sa abokina a gaban mota, gaban mota fa, suka tafi. Ni aka bar ni da keke da cinyar maraƙi. Kwana biyu na yi ina turawa zuwa gida. Hajiya ta raka ni rana ta farko. Rana ta biyu ta sauko ƙasa-ƙasa, ta leƙa bayan keken, ta ga buhu babu komai, ta karkata ta yi gabas. Ko waiwaye. Na ga butulci a wajen mutane bayan nan, iri-iri, amma a wajenta na fara gani.

Sun samu sheƙar. Abokina ya ce akwai namijin, akwai ɗa guda a ciki, ƙato, ya cika sheƙar har yana lotsa ta. Malam wai ya ce bai taɓa ganin ɗan gaggafa mai ƙiba haka ba. To ina zai gani? Kajin Inna ne.

Ya ɗauko sabuwar taswira ya ɗiga ɗigo ɗaya. Ɗaya tak. Sannan ya rubuta takardarsa, da sunan abokina a ciki.

Labarin kaji kuwa matar abokina ce ta kai wa mahaifiyata a bakin rijiya. Na shigo gida na tarar ta ajiye tarkon muzuru a ƙofar ɗakina. Ta ce, "Ga shi, ka taka da kanka, ka hutar da ni." Damina biyu na yi ina yi mata noman doya kafin ta daina zancen a gaban baƙi. Har ta koma ga Allah, in kaza ta yi nisa da gida sai ta ce, "A duba sama, ko uwar ɗakin ɗan nan ta zo karɓar haraji."

Dajin ba a killace shi ba. Kafin takardar ta gama yawo a ofisoshi, aka ce nan za a yi babban birnin ƙasa, katafila ta shigo. Amma takarda ba ta mutuwa. Da masu awon ƙasa suka zo suna neman wanda ya san daji, sai aka tarar da suna a rubuce, da shaidar malamin jami'a cewa mutumin nan mai gaskiya ne, ya san kowane rafi. Aka ɗauki abokina. Daga jan sarƙar awo ya zama masinja. Ya sa kaki. Wanda bai iya rubuta sunansa ba, da babban yatsa yake karɓar albashi, yau yana gida yana cin fansho, 'ya'yansa duk sun yi karatu. Ni mai aji huɗu na ƙare a wajen fasa dutse a Mpape, da guduma, har bayana ya ƙi miƙewa. Muna zumunci har gobe, kada ku ce ina hassada. Ina yi, amma muna zumunci. In na je gidansa shi ke ɗebo mini ruwa da hannunsa, kuma ban taɓa gane ko girmamawa ce ko tsokana ba.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce ƙarya ba kyau, yara ku guji ƙarya. To ba kyau, na faɗa. Amma ni a garin nan na ga waɗanda suka ɗiga jan biro inda babu komai, ba tsuntsu ba, asibiti guda, kuma ba wanda ya bi su da madubi. Suna nan suna wuce ni a mota. Don haka ba ƙaryar ce ke hana ni sukuni ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, amsar tana tafe a bayana wata guda da rabi, ɗauke da tulu. Tambaya ɗaya ce. Da na ce, "Aboki, ina take kwana?" da ranar farko an gama, da ban taɓa mushe ba, da Inna ta ci kajinta. Amma yaya mai biro zai tambayi mai tulu?

Yanzu ku ɗaga kai ku duba. Babu gaggafa. Ungulun ma da Malam ke sauke madubi in ya gan su, yau ko a mahauta ba ka ganin ɗaya. In na ba jikokin maƙwabta labarin tsuntsuwa mai jar fuska, sai su ce a wane fim.

Kwanakin baya wasu 'yan makaranta suka zo unguwarmu, suna bin tsofaffi suna tambayar inda aka saba ganin manyan tsuntsaye a da. Taswirarsu a cikin waya take. Aka turo su wajena, wai ni ne gwani. Wata yarinya ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, an ce ka ga gaggafa a wurare da yawa. Ka lissafo mana duka."

Wallahi sunayen ƙauyukan nan suka taso mini har bakin harshe, a jere, daga Sheda har Mpape. Ga yara sun zuba mini ido, ga ba mai ƙaryata ni. Na haɗiye. Na karɓi wayar, na sa ta ja mini hoton har bakin rafin nan, inda maɗacin yake a da. Gidan mai ne a wurin yanzu. Na ce ta ɗiga nan.

Ta ce, "Nan kaɗai?"

Na ce, "Nan kaɗai."

Ta ɗan ɓata fuska, ta ce, "Baba, ka tabbata kuwa?"

Na ce, "Yarinya, fanshona na biya a kan ɗigon nan. Rubuta."